Kunnen da ya tsage ana ɗinke shi, amma ba a fafe gora ranar tafiya

Wata Hajiya daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta aiko da tambaya a kan ɗiyarta mai shekara 19. Ta ce shekara uku ke nan da kunnen yarinyar na dama ya tsage har ƙasa, ɗan kunne ne ya sarƙe da mayafi, ta fizga ba ta sani ba. Bayan wata biyar da warkewar ciwon sai aka kai ta wurin wani ya ɗinke, amma ana cire zare wurin ya sake buɗewa. Yanzu an sa ranar aurenta, saura mako 7, kuma akwai ƴan kunnen zinariya a cikin lefe. Ta ƙara da cewa a bayan kunnen hagu, daidai huji, akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwarar gujiya da yake yi mata ƙaiƙayi. Tambayarta: ana iya gyarawa, kuma za ta iya sa ƴan kunnenta ranar buki?

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya kai mu lokacin lafiya.

Kunnen ana gyara shi, kuma ƙaramin aiki ne, ba a kwantar da mutum asibiti saboda shi. Wannan ki kwantar da hankalinki a kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninki abu biyu ne: mako bakwai ɗin nan, da kuma ƙullutun kunnen hagu da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Zan zo kansu, amma bari in fara da dalilin da ya sa ɗinkin farko bai kama ba, don kada a maimaita.

Ki taɓa ƙasan kunnenki inda ake huji. Za ki ji laushi, babu guringuntsi kamar na saman kunne. Fata ce a gaba, fata a baya, sai ɗan kitse a tsakani, da jijiyoyin jini masu yawa. Yawan jinin nan shi ya sa wurin ke zubar da jini sosai in ya yage, shi ne kuma ya sa yake saurin warkewa. To, in kunne ya tsage aka bar shi, cikin makonni kaɗan kowane ɓangare zai lulluɓe kansa da sabuwar fata. Daga nan kuma ba ciwo ba ne, leɓɓa biyu ne lafiyayyu. Fata kuwa ba ta kama fata. Dubi yatsunki, tun haihuwa suke jere suna gugar juna, ba su taɓa mannewa ba. Tela yana iya haɗa bakin zane biyu da aka riga aka kalmashe, zare ya riƙe su har zanen ya tsufa, amma a jikin mutum zare baƙo ne na kwana bakwai. Aikinsa kawai ya riƙe nama da nama har su kama juna. Wanda ya yi wa ɗiyarki ɗinkin farko ya haɗa fata da fata ne, shi ya sa yana zare zaren komai ya koma yadda yake.

Saboda haka gyaran gaskiya da yanka yake farawa. Wannan kalma tana tsorata iyaye, na sha ganin uwa ta dafe ƙirji in na faɗe ta, don haka bari in gaya miki yadda abin yake tun daga farko.

Yarinya za ta kwanta a gefe, a tattare gashi a rufe shi, a wanke kunnen da Bétadine gaba da baya. Kafin allura nakan ɗauki alƙalami in zana inda zan yanka, domin da zarar ruwan allura ya shiga, wurin zai kumbura, siffarsa ta canja. Sai a yi allurar kashe zafi, lidokayin, da siririyar allura. Nan ne kaɗai za ta ji zafi, kamar cizon cinnaka, na ɗan lokaci. Sau da yawa akan haɗa ta da adirenalin don rage jini, za ki ga kunnen ya ɗan yi fari, ba abin tsoro ba ne. Bayan ƴan mintoci sai ta ji kunnen ya yi nauyi kamar ba nata ba. Da ƙaramar aska sai a fere siririyar fatar da ta lulluɓe bakin tsagar, ɓangare biyun, har saman tsohon hujin, abin da ake cirewa bai fi kaurin zaren saƙa ba. Yanzu an sami ɗanyen nama a kowane gefe. Ɗinki na farko a can ƙasa ake sa shi, a bakin kunne, don gefe biyun su zo daidai; in wannan ya karkace ko da kaɗan ne, duk wanda ya kalle ta zai gani. Sannan a ɗinke gaba, a juya a ɗinke baya, da zaren nailan mai lamba 5-0 ko 6-0, wanda ya kusa sirantar gashin kai. Kunne ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 45. Tana ji muna hira, ta tashi da ƙafarta ta hau adaidaita ta koma gida.

Akwai wani abu a bakin kunnen da ban san muhimmancinsa ba sai da na yi kuskure. Farkon fara aikina na ɗinke kunnen wata baiwar Allah a miƙe, layi ɗaya daga sama har ƙasa. Ranar cire zare abin gwanin sha'awa. Bayan wata huɗu ta dawo, ta ɗage kallabi ba ta ce komai ba. Tabon ya tsuke, ya ja bakin kunnen sama, ya bar ɗan giɓi kamar inda ɓera ya ɓantari ƙwarya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Likita, haka zai zauna?" Har yau ina tuna fuskarta. Kowane tabo yana tsukewa ta tsawonsa yayin da yake nuna, kuma in miƙaƙƙen layi ya ƙare a baki, dole ya ja bakin. Tun daga ranar nake karya layin kusa da ƙasa, in yi ɗan lanƙwasa irin harafin Z ko L, don jan ya rabu gida biyu. Ki tambayi wanda zai yi aikin yadda zai hana wannan giɓi. Wanda ya saba zai gane nufinki nan take.

Wasu likitoci suna gyarawa su bar huji a ranar. Akwai dabarar da wani likita mai suna Pardue ya bayyana a 1973, inda ake naɗe ɗan ɓangaren fata a yi rufin sabon huji da shi, sannan a ɗinke sauran. Dabara ce mai kyau a hannun wanda ya ƙware. Ni dai na fi son in rufe gaba ɗaya, a bari ya warke, daga baya a huda wani wuri. Dalilina shi ne in mace ta fita da huji a kunne, da wuya ta iya haƙurin barinsa babu komai, ga buki ga suna kowane mako a garin nan.

Yanzu batun lokaci. Ana cire zare bayan kwana 7 zuwa 10. A ido za ki ga wurin ya haɗe, amma ƙarfinsa a lokacin bai taka kara ya karya ba. Bayan mako uku bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar fata ba. Sai wajen wata uku yake kaiwa kashi 80, kuma nan yake tsayawa har abada, tabo ba ya komawa kamar fatar da Allah ya halitta. Wannan ne ya sa nake cewa a jira wata uku kafin sabon huji, kuma kada a huda a kan tabon, a matsa gefe da kamar milimita 3, inda fata take da asalin ƙarfinta. Wasu abokan aiki suna yarda da mako shida zuwa takwas. Ga macen da na san ƴan kunnen lefe ne ke jiran ta, ba na ragewa daga wata uku.

Ki lissafa da kanki, Hajiya: mako 7 bai kai ba. In aka yi aikin a wannan makon, ranar buki kunnen zai kasance a haɗe, siffarsa ta dawo, sai siririn layi mai ɗan duhu wanda ba kowa zai lura da shi ba. Amma babu huji a dama. Abin da za ta iya sawa shi ne ƴan kunne marasa nauyi masu maƙalewa, na awa biyu ko uku, ta cire. Maƙerin zinariya yana iya sauya wa wasu ƴan kunnen maɗauri su koma masu maƙalewa, in ba su da nauyi. Na san za a sami gwaggo ko ƙawa da za ta ce, "Haba, amarya guda babu huji? Kawo allura." Don Allah ki tsaya tsayin daka a nan. Na taɓa karɓar amarya da aka huda mata a kan ɗinki bayan mako uku, aka rataya mata masu nauyi. Daren kai ta ɗaki kunnen ya sake rabewa, jini ya ɓata mata lufaya. Gyara na biyu kullum ya fi na farko wuya, don kowane yanka yana rage naman, kunnen yana ƙanƙancewa.

Duk wannan da na faɗa ya rataya ne a kan ƙullutun kunnen hagu, kuma shi ne ya kamata a fara dubawa kafin a taɓa na dama.

Abu biyu nake zato. Yana iya zama ƴar jaka ce a ƙarƙashin fata, mai motsi in an taɓa, wadda in ta fashe take fitar da farin abu mai wari. Wannan mai sauƙi ce, ana cire ta da jakarta a huta. Amma tunda kin ce yana ƙaiƙayi kuma daidai huji yake, na fi tsoron keloyid, wato tabon da ba ya sanin inda zai tsaya. Jiki yana gyara ciwo da wani sinadari mai kama da zare, in ciwo ya rufe sai ya daina. A jikin wasu mutane ba ya dainawa, sai tabon ya yi ta tsiro har ya wuce iyakar ciwon da ya haife shi. Yana da tauri kamar roba, yana sheƙi, yana ƙaiƙayi ko tsikari, kuma ba ya komawa da kansa. Kin san irinsa, kin gan shi a kasuwa: mace da ƙwallo kamar goro ko ma lemun tsami yana reto a kunne, tana ta jan hijabi tana rufewa. Mu baƙar fata ya fi kama mu nesa ba kusa ba, yana bin dangi, ya fi tasowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma kunne yana cikin wuraren da ya fi so, tare da ƙirji da kafaɗa da haɓa. An lura kuma cewa hujin da aka yi wa yarinya tana jaririya bai cika jawo shi ba kamar wanda aka yi bayan ta fara girma. Al'adarmu ta huda kunne tun cikin tsumma tana da amfaninta ke nan. Huji na biyu da na uku da ƴanmata ke ƙarawa don ado, yawancin keloyid ɗin da nake gani daga nan yake fitowa.

Me ya haɗa wannan da kunnen dama? Ɗinkin da za mu yi sabon ciwo ne. In jikinta mai yin keloyid ne, muna iya rufe tsaga mu buɗe ƙofar abin da ya fi tsagar muni, kuma ba ya nuna kansa da wuri, yakan ɗauki wata uku har zuwa shekara kafin ya taso. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne kunnen daman ya yage, an kuma ɗinke shi, shekara uku bai yi tsiro ba. Alama ce mai kyau, amma ba ta isa a rufe ido ba. In na gan ta zan duba tabon lambar rigakafi a hannunta, da duk wani tsohon ciwo ko ƙuna ko shasshawa, in tambaye ki ko akwai mai irin wannan tabo a danginki ko na mahaifinta.

In ya tabbata keloyid ne, ba ya hana gyara, amma yana sauya tsarin. Za a ɗinke ba tare da an ja fata da ƙarfi ba, a riƙa duba ta kowane wata, kuma da an ga tabon ya fara tauri a fara allurar tirayamsinolon, wadda aka fi sani a farmasi da Kenacort. A cikin tabon kansa ake yin ta, ba a ɗuwawu ba, duk mako 4 zuwa 6, sau da yawa har sau uku ko fiye. Tana da zafi, gaskiya ce, kuma tana iya sa wurin ya yi fari ko ya lotsa, wani lokaci ta rikita al'adar mace na ɗan lokaci, abin da ya kamata amarya ta sani tun da wuri. Ana ƙarawa da matsi, wato ɗan kunne mai faɗi da ke danne wurin awanni da yawa kullum har watanni, ko filastar silikon. Shi kuwa ƙullutun hagu, tunda ƙarami ne, allura kaɗai tana iya kwantar da shi ba tare da aska ba. Abin da ba a yi shi ne a yanke keloyid a sallami mutum. In aka yi haka, fiye da rabi suna dawowa, kuma sukan dawo sun fi da girma. Masu taurin kai da suka dawo sau biyu ko uku akan haɗa musu yanka da gasa tabon da hasken na'ura, irin na'urar da aka fara aiki da ita a cibiyar ciwon daji ta Yamai a 2021, amma ɗiyarki ba ta kusa da wannan mataki. Kuma ina roƙonki kada a ɗaure shi da zare ko gashin wutsiyar doki don ya faɗi, kada a ƙona shi da ƙarfe ko ruwan batir. Waɗanda suka fi ba ni wahala a aiki duk ta nan suka bi kafin su iso.

In na taƙaita ra'ayina: a duba ta a wannan makon. In ƙullutun ba keloyid ba ne, a yi ɗinkin nan take, ta shiga ɗaki da kunne a haɗe. In keloyid ne, ni zan fi son a fara allurar hagu yanzu, a ɗage ɗinkin dama sai hidima ta lafa, lokacin da za ta iya zuwa dubawa ba tare da fashi ba. Gashi da ɗaurin kallabi suna rufe tsaga a kwanakin buki. Sai dai a sa ido kan abu ɗaya: in ciki ya shiga, a bari sai ta haihu, don keloyid yakan ƙara girma lokacin goyon ciki, kuma ba a son allurar nan a lokacin.

Akwai tambayar da nake yi wa kowace amarya, kuma ina so ki yi mata ita ke da ita a ɗaki, ba a gaban mutane ba: tana shafa man bilicin? Da yawa daga cikin mayukan nan, da haɗin da masu gyaran jiki ke yi, suna ɗauke da kilobetasol ko danginsa. Suna sirantar da fata har zare ya riƙa yanka ta kamar takarda, suna jinkirta warkewa, suna buɗe hanyar ƙwayoyin cuta. In tana shafawa, ta daina makonni kafin aiki, ta kuma gaya wa likita gaskiya, ba don a kunyata ta ba. Haka nan in tana da ciwon suga, ko sikila, ko tana shan asfirin, ko jini yana daɗewa bai tsaya mata ba in ta yanke.

Jinyar gida ba ta da yawa. Kwana biyun farko kada ruwa ya taɓa wurin, bayan nan a wanke a hankali da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane da auduga, a shafa man da likita ya rubuta. Farasitamol ya isa ga zafi. Ta kwanta ta ɗaya gefen. A yi kitso kafin aiki, ba bayansa ba, don hannun makitsiya da tsinke ba sa barin kunne. Hijabi mai matse fuska yana gugar zaren, ta sa mai sakin baki, ta kuma riƙa cire riga a hankali. Dilka da halawa da lalle kada su kusanci kunnen har wata guda. Ƙurar garin nan kin san ta, in za ta fita ta rufe da filasta. Game da alwala, shafar kunne sunna ce a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma an yarda a shafa a kan bandeji, don haka sallarta ba ta da matsala. Malaminku zai ƙara mata bayani. In wurin ya yi ja yana zogi, ko ya kumbura, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira ranar cire zare.

Inda za a je: babban asibitin jiha ko Asibitin Referans na Maraɗi, ki nemi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro ko na tiyata. Akwai kuma asibitocin kuɗi da ke da likitocin tiyata. Ki tambayi kuɗin aikin tun kafin a fara, har da na zare da allura, don sau da yawa takarda ake rubutawa a sayo. Duk inda kika je, ki lura ko an duba sauran tabon jikinta kafin a ɗauko aska.

Tunda na san mata da yawa za su karanta wannan, daga Tasawa har Dakwaro, bari in ƙara da na sabon yagewa. In kunne ya yage yanzu, a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, a nufi asibiti a ranar. Sabon ciwo ba ya bukatar ferewa, ɗinki kawai ne, kuma ya fi kyau a cikin awannin farko. Kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani, kada a liƙe da gam. A tambayi batun allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora. In cizon mutum ne, a faɗa wa likita ko da da kunya, domin bakin mutum cike yake da ƙwayoyin cuta, sai an wanke sosai an ba da maganin kashe su, wani lokaci ma a jinkirta ɗinkin. In wani yanki ya gutsure, a naɗe shi a tsumma mai damshi, a sa a leda, a ɗora ledar a kan ƙanƙara a taho da shi.

Yawancin kunnuwan da nake ɗinkewa ma ba fizga ɗaya ce ta yaga su ba. Nauyi ne na shekaru. Huji yakan fara zagaye, ya koma tsaye kamar ƙwayar shinkafa, ɗan kunne ya fara kallon ƙasa, har wata rana a wayi gari a tsince shi a kan matashi. Ƴan kunnen ƙarfe masu arha da ke da nikel suna ƙara saurin abin, don suna sa ƙaiƙayi da ruwa, fata ta yi laushi. Mai goyo kuma ta san hannun jariri da abu mai ƙyalli. Ki duba naki hujin a madubi, Hajiya, ki duba na ƙannen amarya. Wanda ya fara tsawo gyaransa ya fi sauƙi tun bakin kunne bai rabu ba, don babu batun giɓi. Ranar da za ku zo, ki taho da ƴan kunnen lefen a jaka, ina so in ɗaga su a hannuna in ji nauyinsu kafin in ce ga inda za a yi sabon huji.